Haihuwa a Kumasi, da tambayar da ake yi wa mai jego

Yaya, kin ce in ba ki labarin asibitin nan. Wajen kuɗi dai sun fi mu sauƙi. Tun 2008, zamanin Shugaba Kufuor na Ghana, mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga inshorar lafiya ta gwamnati, kuma katin ya ɗauke mata awo da haihuwa har da tiyata. Shi ya sa a unguwannin Aboabo da Asawase ba kasafai za ki ji an ce wance ta haihu a ɗaki ba. A Ghana sama da takwas cikin goma a asibiti suke haihuwa. Idan abu ya gagara sai a tura mace babban asibitin Komfo Anokye, inda aka buɗe sabon sashen uwa da jariri a 2018. Littafi guda ake ba ki, tun daga awon farko har rigakafin yaro, abin da ya burge ni ke nan.

Amma kyautar da saura. Ana miƙo miki jerin kaya: Dettol, sabulu, auduga, ledar shimfiɗa, zannuwa. Wani maganin kuma a ce babu, a je kemis. Wannan kam kamar gida.

Ranar da za a sallami maƙwabciyata, wata ɗalibar aikin jinya ta zo da takarda tana tambaya: an gaishe ki? An yi miki bayani kafin a taɓa ki? An ja labule? Kin gamsu ƙwarai, ko kaɗan, ko ba ki gamsu ba? Tambayoyin da Turanci, tana juya su zuwa harshen Tuwi, ni ina juyawa zuwa Hausa, ga ungozoma tsaye a gefe tana rubutu. Baiwar Allah ta dubi jaririnta ta ce alhamdulillahi, aka yi mata alama a "ƙwarai". Wa zai kai ƙara da ɗa rayayye a hannu? Ga kunya irin tamu.

Sai ranar suna, ana rabon koko da ƙosai, ta faɗa wa mata yadda aka daka mata tsawa tana naƙuda, aka hana uwarta shiga, ta kwana ba wanda ya ba ta ruwa. Ko ɗaya bai shiga takardar ba. Ni a ganina su bari sai an yi arba'in, su kira ta a waya da harshenta, kuma mai tambayar kada ta kasance ma'aikaciyar wurin.

Ki gaida Inna. Ki aiko min da kanwa ungurnu idan an sami mai tahowa, ta nan ba ta yin kunun jego yadda ake so.