Sikanin ƙafa da tsinken tsintsiya: wanne zai kawo miki takalmin da ya yi daidai?

Hajiya, kin ce kin ga bidiyon wata manhaja da ake haska ƙafa da kyamarar waya ta faɗi lambar takalmin mutum, kina so ki san ko ta fi awon da muka saba, domin sau biyu ke nan kina odar takalma daga Chana suna zuwa suna matse masu su. Na ji zafin abin, don ni ma na taɓa zama da katan guda na takalman makaranta da ba su shiga ƙafar kowa ba. Shekaruna da dama ina sayar da takalmi a Ƙofar Wambai, kuma na gwada irin manhajar a ƙafata, don haka bari in ɗora su kusa da juna ki gani.

In fara da namu na gida, wanda kowa ya sani. Ana saura kwana uku Sallah, magidanci zai shigo rumfa ya zura hannu a aljihu ya fito da tsinkayen tsintsiya huɗu, kowanne an karya shi daidai tsawon ƙafar yaro ɗaya. Wani zare yake kawowa da ƙulli a ƙarshe, wani kuma kwali da aka zana tafin ƙafar a kai. Sai in zura tsinken cikin takalmin, in tura shi har ya taɓa gaba, in duba abin da ya rage a wajen dunduniya. In ya kai faɗin babban yatsana, sai in ce masa ɗauki, zai yi. Wannan awon ba ya cin ko kwabo, kuma yana da wata fa'ida da mutane ba sa lura da ita: takalmin kansa ake aunawa, ba lambar da aka buga a ƙasansa ba. Rauninsa guda ne babba. Tsinke tsawo kawai ya sani. Bai san faɗi ba, bai san tudun bayan ƙafa ba, kuma sau da yawa bakinsa ya ɗan karye a aljihu tun kafin a iso kasuwa, ko an auna yaron yana zaune ƙafarsa ba ta baje ba.

Shi kuwa sikanin ƙafa, wato auna ta da kyamara, iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai na'urar da ake ajiyewa a shago, wani faranti ne da mutum ke hawa ba takalmi, kyamarori sun kewaye shi, cikin 'yan daƙiƙu su fitar da siffar ƙafafun biyu a allo ta kowace fuska: tsawo, faɗi, kewayen ƙafa a wajen tushen yatsu, tudun baya, kwarmin tafi, faɗin dunduniya. Kamfanin Volumental na ƙasar Suwidin da Aetrex na Amurka suna cikin waɗanda suka yi suna da irinta, kuma a manyan shagunan takalman guje-guje na Turai da Amurka aka fi samun ta. Sai kuma ta waya, wadda kika gani. Kamfanin takalma na Nike ya fito da tasa a 2019 da sunan Nike Fit, tana ɗaukar ma'auni 13 a ƙafa. Wasu manhajojin kuma sukan ce ka taka farar takarda ta A4, domin sun san faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, da ita suke gane girman ƙafar da ke cikin hoton.

Ta shago ta fi ta waya nesa ba kusa ba, tunda haskenta da nisan kyamarorinta ba sa canzawa. Ta waya kuwa a hannun mai riƙe da ita take. Ranar da na gwada, a tsakar gida na tsaya da yamma, na sa yarona ya riƙe wayar. Karon farko inuwar katanga ta faɗo kan takardar, manhajar ta ɗauke ta a matsayin gefen ƙafata. Karo na biyu bakin wandona ya rufe dunduniya. Sai da na naɗe wandon, muka koma inda haske ya yi daidai, yaron ya daina karkata wayar, sannan ta ba da awon da ya yi kusa da wanda na samu da tef, bambancin bai wuce milimita biyu ba. Wato tana iya aiki, amma sai an yi mata ladabi. Ke da za ki auna yara ƙanana masu mutsu-mutsu, ki shirya maimaitawa.

Inda sikanin ya yi wa tsinke fintinkau shi ne wajen faɗi da tudu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Mu mutanen silifa ne da faɗe. Ƙafar da ta tashi a sake yatsunta bajewa suke yi, ga shi da yawanmu bayan ƙafarmu na da tudu. Kullum ina ganin wannan a rumfa: mutum ya ce 42 yake sawa, na ba shi sau-ciki 42, tsawon ya yi, amma ƙafar ta ƙi wucewa ta baki, ko ta shiga ɗan ƙaramin yatsa ya hau kan ɗan'uwansa. Sai ya ce a ba shi 44. Ya samu faɗin da yake so, amma yanzu takalmin na fita a dunduniya, lanƙwasarsa kuma ba ta faɗa inda ƙafarsa ke lanƙwasawa ba, bayan wata biyu ya karye a tsakiya ya ce kayan ba su da kyau. Matsalarsa faɗi ce, ya magance ta da tsawo. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Wasu masu bincike biyu a Ostireliya sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan a 2018, suka ga tsakanin kashi 63 zuwa 72 cikin ɗari na mutanen da aka duba suna sa takalmin da bai dace da tsawo ko faɗin ƙafarsu ba. Sikanin zai nuna wa mutum wannan ƙarara, har ya nuna masa cewa ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, abin da yake gaskiya ga mutane da yawa.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne amsar tambayarki take. Sikanin ya san ƙafarki, bai san takalmin da za ki saya ba. Lambar da yake faɗa tana da ƙarfi ne kawai idan manhajar ta san cikin wannan takalmin. Abin da ya sa ta Nike ta iya cewa a wannan samfurin ɗauki kaza, a wancan ƙara rabi, shi ne kamfanin ne ya ƙera takalman, yana da awon kowanne. Na'urorin shago kuma suna kwatanta ƙafarki da ta dubban mutanen da suka hau kafin ke, su duba abin da masu irin ƙafarki suka saya ba su dawo da shi ba. Yanzu ki dubi abin da ke rumfunanmu daga Wambai zuwa Sabon Gari: ɗinkin Aba, na Chana marar suna, na Turkiyya, gwanjon da wani ya riga ya buɗa da ƙafarsa, da ɗinkin dukawanmu na cikin gari. Wace manhaja ce ta taɓa ganin cikinsu? In ta ce miki 39, 39 na wa take nufi?

Ita lamba ba abu ɗaya ba ce a duniya, kuma ina kyautata zaton nan ne kayanki suka samu matsala. Lambar Turai, irin su 38 da 42 da muka saba, kowane mataki kashi biyu cikin uku ne na santimita, wajen milimita 6.7, kuma tsawon gunkin da ake ɗora takalmi a kai wajen ɗinki ake ƙirgawa, ba tsawon ƙafa ba. Wato 42 na nufin gunki mai santimita 28, wanda zai ɗauki ƙafa mai 26 da rabi ko kusa da haka. Ta Ingila, irin su 7 da 8, matakinta kashi ɗaya cikin uku ne na inci, wajen milimita 8.5, ta Amurka kuma matakin ɗaya ne amma ƙirgen ya ɗan ɗara na Ingila. Su kuwa 'yan Chana, a lissafinsu na gida ana ninka tsawon ƙafa a santimita sau biyu a cire goma. Ƙafa mai santimita 26 ita ce 42, mai 27 ita ce 44, kowane mataki milimita 5 kacal. Kin ga 44 ɗinsu na ƙafar santimita 27 ne, alhali 44 na Turai na ɗaukar wadda ta kusa 28. Gwargwadon girman ƙafa, gwargwadon yadda ratar ke buɗewa. Shi ya sa maza masu manyan ƙafa suka fi kuka da kayan Chana. Manhajar da ta ba ki lamba a ƙirgen Turai, ke kuma kika tura wa mai ƙirgen Chana, ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba, amma takalmin zai matse.

Akwai kuma wani abu da ke damuna. Babban nazarin da aka wallafa a 2019 da sikanin ƙafa miliyan 1.2, na mutanen Arewacin Amurka ne da Turai da Asiya. Ba Afirka a ciki. Awon milimita ba ruwansa da ƙasar mutum, wannan gaskiya ne, amma shawarar da ake ginawa kan “masu irin ƙafarka sun sayi kaza” tana jingine ne da su waye aka auna. Ina fatan ranar da wani matashinmu zai zauna da dukawan Kano ya tattara awon ƙafar mutanenmu, a sassaƙa gunki a kansa. Garin da baƙon Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851 yana fitar da takalma zuwa ƙasashe ya cancanci wannan.

Da na ambaci dukawa, ai su ne na uku a wannan kwatancen, kuma a ganina su suka fi kusa da abin da na'urar ke yi. Baduku mai sanin aikinsa zai sa ka taka kwali ya zagaye ƙafar da biro, ya ɗauko tef ya kewaya wajen tushen yatsu, ya sake kewaya tudun baya, ya latsa da yatsa ya ji inda ƙashi ya turo. Ma'aunan da kyamara ke ɗauka su ne yake ɗauka, sai dai shi ne kuma zai ɗinka takalmin, don haka ba a samun giɓi tsakanin awo da kaya. Turawa ma kafin kyamara ƙarfe suke amfani da shi, ma'aunin da Charles Brannock ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1920, mai auna tsawo da faɗi da nisan dunduniya zuwa tushen babban yatsa. A wancan zamanin har na'urar hoton ƙashi aka riƙa sawa a shagunan takalma yara na leƙa ƙasusuwan ƙafarsu, sai da aka gane illar haskenta aka fara hana ta a shekarun 1950. Ta yanzu kyamara ce da haske marar cutarwa, kada wannan ya tsorata ki.

Gwadawa a ƙafa fa? Har gobe ita ce sarauniya in mai takalmin na kusa, domin taurin fata da kaifin ɗinkin ciki ba na'urar da za ta ji maka su. Sai dai akwai mutum biyu da gwaji ke yaudara. Na farko yaro: in takalmin ya burge shi, zai naɗe yatsunsa ya rantse ya yi masa daidai. Na biyu, kuma wannan nake roƙon kowa ya riƙe, mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa. Ba ya jin matsi. Takalmi zai goge masa fata ya yi bororo ya fashe bai sani ba, kuma kin san yadda gyambon mai suga yake ƙin warkewa. Ga irin waɗannan bayin Allah, awo da lamba a rubuce ya fi “ya ka ji shi?” aminci, ko da na'ura aka yi ko da tef. In kina da dattijo mai suga a gida, ki auna masa tsawo da faɗi, ki kuma zura hannu cikin takalmin ki shafa ko akwai ɗinkin da ya taso.

Saboda haka, Hajiya, ga abin da zan yi da ni ne ke. Ki yi amfani da manhajar in kina so, amma kada ki ɗauki lambar da ta faɗa, ki ɗauki milimitar. In ba ta nuna milimita, ki bar ta ki koma takarda: a jingina takardar da bango, mutum ya tsaya a kai dunduniyarsa na taɓa bangon, nauyinsa a kan ƙafafun biyu, a sa alama a bakin yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai ne ya zama babban ba. A yi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, a auna duka biyun a ɗauki babbar, da safar da za a sa in takalmin makaranta ne. Sannan ki ce wa mai turo miki kaya ya zaro shimfiɗar cikin takalmin ya ɗora tef a kai ya turo miki hoto, tsawo da faɗi, na kowace lamba. Ki nemi wanda shimfiɗarsa ta ɗara ƙafar da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi in sau-ciki ne. Silifa da faɗe ba sa bukatar kamar haka. Na yara kuma ki sake awo kafin kowace oda, kada ki dogara da na Sallar bara.

Waɗanda suka riga suka zo suka maƙale miki kuwa, kada ki karyar da su. Ki zauna da tef ki auna cikin kowane ƙafa ɗaya, ki manna 'yar takarda a ƙasansa ki rubuta santimitar, ki daina tallata su da lambar da ke jiki. Duk mai so ta turo miki tsawon ƙafarta. Haka na yi da katan ɗin takalman makarantar nan, kafin a dawo daga hutu sun ƙare.