Gyaran tsohon hoto a Katsina: saura kaɗan su mayar da Iya Mashal Alfa sojan ƙasa

Tun a bakin ƙofa na gaya wa mai shagon cewa ba ni zan duba aikin ba, Baba ne. Ya yi dariya, ya ce ai tsofaffi ba su da wuyar sha'ani. Na ce to, Allah ya sa. Shekara talatin da ɗoriya Baba ya yi yana kwance injin jirgin soja yana ɗaurawa, tsakanin Kaduna da Makurɗi. Mutumin da ya saba ƙirga noti ɗaya bayan ɗaya kafin ya bar jirgi ya tashi, ba a yi mashi aikin shafa-in-shafa.

Hotuna biyu ne. Na farko nashi ne, baƙi da fari, lokacin yana saje. Ruwa ya taɓa shi wata damina, kusurwa ɗaya ta ruɓe. Na biyun ma ba hoto ba ne sosai, shafin kalanda ne na shekarun 1980 mai ɗauke da Iya Mashal Ibrahim Mahmud Alfa, Babban Hafsan Sojin Sama na wancan zamani. Tun ina yaro yake manne a cikin murfin akwatin ƙarfen Baba, har launinsa ya koma kamar ruwan tsamiya. Abin da Baba ke so, a gyara su, a haɗa su a firam ɗaya, a sa ɗan rubutu a ƙasa don jikoki. Idonshi ya fara rauni, yana so ya gan su a bango tun yana iya gani.

Shagon yana can wajen Ƙofar Ƙaura. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda akwai inda zan taɓa su. Ɗaki ne siriri, kwamfuta biyu, babbar firinta, bango cike da amare da 'yan siyasa da mahaya dawakin Sallah. Ta baya akwai rumfa inda kafinta ke yanka katakon firam, warin gam da garin katako har bakin titi. Mun daidaita a kan naira 22,000, na ba da kafin alƙalami 10,000, aka ce in dawo bayan kwana huɗu.

Abin da ya fara burge ni shi ne batun kalandar. Na ce zan ɓamɓaro ta a gida in kawo. Mai shagon ya kama hannuna: "Don Allah Malam, kada ka taɓa. Kawo akwatin duka." Haka na loda akwatin a Keke Napep, Inna na tsaye a soro tana faɗa wai an kwashe mata zannuwa an zube a gado. A shagon ya shimfiɗa tabarma, ya durƙusa da sabuwar reza da ɗan auduga mai laima. Yakan jiƙa gefen kaɗan, ya dakata, ya zura reza kamar mai fiɗar fatar layya yana tsoron ya huda ta. Wajen minti arba'in yana wannan, wayarshi na ta ruri bai ɗauka ba. Takardar ta fito ba ta yage ba, sai wani ɗan wuri kamar farce da tsatsa ta riga ta cinye. A wannan ɓangaren, ban ga wanda zai fi shi a garin nan ba.

Matsalar daga wajen yaronshi mai kwamfuta ta zo. Kwana huɗu suka zama tara, kullum da dalili: babu wuta, janareta na wajen gyara, ga aikin biki. Wannan ban riƙe shi da zafi ba, kowa ya san hali. Ranar da na karɓo, a gaskiya ni ma sai da na ce masha Allah. Hotuna sun yi fes, kala ta fito, firam ɗin katako mai nauyi, gilashi ba ƙura. Na kai gida da alfahari, na jingina a gaban Baba bayan la'asar.

Ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna hotonshi da sanda ya ce, "Wannan ɗan wa ne?"

Na ce, "Baba, ai kai ne."

"Ni ne? To ina zanena?"

Sai a lokacin na lura. Manhajar da yaron ya yi aiki da ita ta ɗauki tsagar gadon da ke kumatun Baba a matsayin ƙarzuwar takarda, ta goge ta tas, ta bar mashi fuska sumul kamar ta ɗan fim. Bai gama da wannan ba ya koma kan maigidanshi. An rina wa Alfa kaki kore shar irin na sojan ƙasa. Fiffiken matuƙi da ke ƙirjinshi, abin da mutum ke shan wuyar shekaru kafin a maƙala mashi, ya narke ya zama wani abu kamar fure. A ƙasa kuma, da ruwan zinare, an rubuta: Janar Ibrahim Alpha.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mani sauƙi. Cewa kawai ya yi gobe in ya karya zan kai shi.

Washegari ya zauna a bencin shagon, ya aza sanda a cinya, ya kira yaron. "Zo nan, jikana. Wa ya ce maka Janar ne?" Yaron ya ce ai duk babban soja Janar ne. Daga nan aka buɗe aji. Sojan sama, in ji Baba, ba su da Janar. Wanda sojan ƙasa ke kira Kanar, a wajensu Guruf Kyaftin ne. Birgediya shi ne Iya Kwamado. Manjo Janar, Iya Bayis Mashal. Laftanar Janar kuma Iya Mashal. Wannan na ƙarshen kuwa, Alfa ne ɗan Najeriya na farko da ya fara sa shi, a watan Oktoban 1987, kwanaki kaɗan bayan an cire Katsina daga Kaduna ta zama jiha. "Ka ɗauki abin da ya riga kowa samu, ka ba shi na aro."

Batun Alpha kuwa, har Baba sai da ya murmusa, don ba yaron ne farkon wanda ya ruɗe ba. Akwai jirgin yaƙi Alpha Jet, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, wanda ya iso Najeriya a farkon shekarun 1980, kafin ma Alfa ya zama shugaba. Baba ya ce in ya zo hutu a wancan lokacin, 'yan majalisar ƙofar gidanmu sukan tambaye shi ko gaskiya ne maigidansu ya sa wa jirgi sunanshi. Yaron dai ya buga sunan a waya, waya ta gyara mashi, shi kuma ya yarda da ita.

Abin da ya sa kafinta ya ajiye zarto ya leƙo shi ne da Baba ya ce mutumin nan da suka ɓata wa suna ya taɓa zama gwamnansu. Daga tsakiyar 1978 zuwa Oktoban 1979 Alfa ne ke riƙe da tsohuwar Jihar Kaduna, yana Guruf Kyaftin, kuma a lokacin Katsina da Daura da Funtuwa duk a ƙarƙashinta suke. Shi ya miƙa wa Balarabe Musa mulki da farar hula suka dawo. Kafin shi Usman Jibrin ne da Mukhtar Muhammad, dukansu sojan sama, uku a jere; a 1984 kuma aka sake kawo wani, Usman Mu'azu. Ni kaina da nake koyarwa a sakandare ban taɓa jera su haka a kaina ba. Da alama rabonmu ne a riƙa turo mana matuƙa.

Sauran tarihin a tsaye ya ba da shi, yaron na rubutawa a bayan rasit: an haife shi a Garkiɗa, Adamawa ta yau, 1942, ya shiga sojan sama 1963, tun rundunar na hannun Jamusawa masu kafa ta, dokar kafa ta ma sai 1964 ta fito, a Jamus ya koyi tuƙi, ya shugabanci rundunar daga 1984 zuwa 1990, ya yi da Buhari ya yi da Babangida, ya rasu a 2000.

Mai shagon ya tambaya ko sun saba ne da marigayin. Baba ya ce ko gaisawa ba su taɓa yi ba, daga nesa yake hango shi a fareti. Saje ina, Babban Hafsa ina. Hoton dai na zamanin ne. A 1984 jiragen Jaguar na Ingila suka fara sauka, guda 18 aka saya, ga MiG-21 na Rasha a Makurɗi, makanike ba ya samun lokacin zama. Daga baya kuɗi suka yi wuya, kayan gyara suka yanke, Jaguar ɗin ba su yi wani dogon zamani ba aka jera su a ƙasa. Ga kuma abin da ya faru a 1986, da aka harbe Manjo Janar Mamman Vatsa da waɗansu hafsoshi bisa zargin shirya juyin mulki, cikinsu har da na sojan sama. Nan Baba ya yi shiru, ya gyara zaman hula. A gida ma ba ya wuce nan.

To, ga inda shagon ya wanke kansa. Mai shi bai yi musu ba, bai kuma ɗora wa yaron laifi a gabanmu ba. Cewa ya yi, "Baba, a yi mana afuwa, mu ne ba mu tambaya ba." Ya buɗe asalin sikanin da ya ajiye, wanda ba a taɓa ba, ya ce a fara daga farko, da hannu, ba manhajar nan mai cika-fuska ba. Don launin kaki, Baba ya zaro tsohuwar hularshi ta aiki daga aljihun babbar riga, ashe da shirinshi ya zo. Aka aza ta gefen kwamfuta, yaron na matsa launi kaɗan-kaɗan, Baba na cewa ƙara, rage, tsaya nan. Tsagar kuwa, yaron ya faɗaɗa hoton har kumatu ya cika allo, sai ga layukan suna nan a asalin, ya bar su yadda suke. Fiffiken bai fito tsaf ba, don tsatsa ta ci rabinsa. Yaron ya ce zai iya ɗauko wani a intanet ya liƙa. Baba ya ce a'a, a bar rabin.

Ba su karɓi kuɗin sake aiki ba, amma sun ce in biya 3,000 na takardar wanki ta biyu. Na biya, sai dai har yanzu ina ganin bai kamata ba, tunda ba a nuna mani samfuri ba kafin a wanke na farko. Da sun turo mani ta WhatsApp, da Baba ya kama su tun a waya. Wanda zai kai masu hoton biki ko na suna, ya kai hankali kwance, katakonsu da gilashinsu da wankinsu ba laifi. Amma in tsohon hoto ne mai kaki, ko rawani, ko tsaga, ka je da rubutunka a takarda, ka ce a nuna maka kafin a wanke, in da hali ka tafi da mai hoton ko wanda ya san shi. Kuma ka ninka kwanakin da suka ce maka.

Ranar Juma'a muka rataye shi a falo, sama da rediyo. Rubutun ya koma Iya Mashal Ibrahim Mahmud Alfa, 1942 zuwa 2000, a ɗaya gefen kuma sunan Baba da muƙaminshi na ritaya. Ina kan kujera da guduma, shi yana tsaye a bakin ƙofa, ido ɗaya a rufe. Ya ce gefen hagu ya sauka. Na ɗaga. Ya ce ya yi yawa. Sai da muka yi haka sau huɗu, Inna ta leƙo ta ce tuwo na hucewa, kuma har yau ba a mayar mata da zannuwanta cikin akwati ba.