Shagon da ke gyara tsohon kaset, ya kuma ce yana dawo da mawaƙa dandali

Akwai wani shagon bidiyo kusa da Tsohuwar Kasuwa a nan Sakkwato da ya rubuta a allonsa cewa yana yin hologiram, wato siffar mutum da ake nunawa da haske, na mawaƙan da suka rasu. Ni kaset-kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa, na kai a juye mini a waya tun zaren bai tsinke ba.

Wannan aikin kam sun iya shi. Sun cire ƙugin da ke bayan murya, har baitocin da ban taɓa ji da kyau ba suka fito fes. Matsala ɗaya, amon kotso ya dushe. Da na yi magana, yaron shagon ya ce, "Baba, kwamfuta ce ta ɗauka hayaniya ce," ya sake aikin bai ƙara mini ko kwabo ba.

Sai ya ja ni ɗakin ciki mai duhu in ga hologiram ɗin. Gilashi ne aka jingine a karkace, majigi na haska shi, sai ka ga kamar mutum tsaye a sarari. Dabarar ta tsufa, tun 1862 ake yin ta a gidajen wasan London. Da ita aka nuna marigayi mawaƙi Tupac a bikin waƙoƙi na Coachella a Amurka a 2012. Mawaƙiya Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ita ma an nuna ta a Al'ula ta Saudiyya a 2019, amma makaɗa masu rai ne ke yi mata kiɗa a wurin.

A nan kuwa tsohon hoto ɗaya aka samu, kwamfuta na motsa masa leɓe. Ga Ɗanƙwairo tsaye shi kaɗai, babu 'yan amshi, babu ubangidan da ake yi wa waƙar. To waƙar fada ai ba haka take ba. Jagora ya jefa, 'yan amshi su cafe, ya hango wanda ya shigo ya ƙara masa baiti nan take. Idon wannan hoton ba ya kallon kowa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da yaron ya ce za su iya sa shi ya ambaci sunan ango a wurin biki. Mutumin da ya rasu tun 1991, a sa masa maganar da bai faɗa ba, a karɓi kuɗi? Na tambaye shi ko sun nemi izinin iyalinsa, ya sunkuyar da kai. Na ce masa, "Ɗana, wannan haƙƙi ne, ku je ku same su kafin ku tallata."

Mai tsohon kaset ya kai musu, ya tafi da katin memori na wayarsa, ya kuma saurari kiɗan da kyau kafin ya biya. Ɗakin cikin nan dai ba zan tura kowa ba sai iyalan marigayin sun yarda.