Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa: yadda tafiyar take a jirgin Ethiopian

To jama'a, masu tambayata awa nawa ne daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar China, musamman 'yan uwa na Kantin Kwari da masu shirin zuwa Canton Fair, babban baje kolin Guangzhou, na watan Afrilu ko Oktoba, ga abin da na gani da Ethiopian Airlines.

Babu jirgin da yake tashi daga Kano kai tsaye zuwa can, dole sai ka yada zango. Nisan idan aka ja layi ɗoɗar kusan kilomita 11,000 ne. Abin da ya sa nake son hanyar Addis shi ne kusan a kan layin take, Kano zuwa Addis wajen kilomita 3,300, Addis zuwa Guangzhou wajen 8,000, ka haɗa ka gani, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba.

Zangon farko ba wahala, awa huɗu da rabi zuwa biyar, ka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da rana ka sauka Bole, filin jirgin Addis, da daddare. Na biyun ne aiki. Wajen awa goma kana zaune, ka ci abinci ka yi barci ka farka ka kalli taswirar da ke gaban kujerarka ka ga har yanzu da sauran tafiya, ka tashi ka miƙe ƙafa ka dawo, wallahi nan ne mutum yake sanin duniya da faɗi. Ma'aikatan jirgin dai ba laifi, da fara'arsu, ruwa da shayi ba sa yankewa. Ka ce wa ejen ɗinka ya saka maka abincin Musulmi tun wajen yankan tikiti, hankalinka zai fi kwanciya.

Amma fa a kula da lissafin agogo, nan mutane suke ruɗewa. Addis ta riga mu da awa 2, China kuma da awa 7 cif. Shi ya sa in ka duba tikiti sai ka ga kamar kwana guda da wani abu za ka yi a hanya, alhali zaman cikin jirgi wajen awa 15 ne, sauran jira ne da bambancin lokaci. Wani ejen ya taɓa rantse min wai awa 12 ne duka, Allah ya shirye shi, ko jirgin yaƙi ya hau oho. Dawowa kuma takan ɗan fi tsawo saboda iskar sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, jirgin da ya fuskanci yamma da ita yake kokawa.

Ka riƙe rigar sanyi a jakar hannu. Addis a kan tudu take, sama da mita 2,300, da daddare sanyinta ba wasa, ga ka fito daga zafin Kano da 'yar shara.

Kaya jaka biyu ne kilo 23 kowacce a tikitin da na yanka, mai sarin kaya kam ya san ba za su ishe shi ba, sai kago. Kana sauka Baiyun, filin jirgin Guangzhou, da la'asar ka nufi Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi sauka, kar ka kwanta sai bayan isha'i, in ba haka ba ƙarfe biyun dare idonka biyu. Ni dai a wajena tauraro huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda ciwon baya.