Ɗaki mai baranda ko na ciki, babban jirgi ko ƙarami: amsar tambayar Hajiya

Hajiya, kin ce ke da Alhaji da Inna da yara biyu za ku taso daga Birnin Kebbi ku yi Umara, in an kammala kuma ku ɗan zaga a jirgin ruwan shaƙatawa. Ejan ya turo miki farashin ɗakuna iri huɗu kin rasa na ɗauka, sannan kina tambaya ko babban jirgi ya fi ƙarami. A ganina ejan ɗin ya faro miki zancen daga tsakiya. Sai an san ruwan da za a bi da jirgin da za a hau, an kuma san inda ɗakin yake a jikin jirgin, kafin a zo maganar irinsa.

Manyan jiragen da kike gani a bidiyo an ƙera su ne don su kwashi jama'a da kayan wasa. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa mita 365 ne, hawa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Yara za su ji daɗinsa, babu musu. Amma ki tuna da gwiwar Inna, domin zuwa cin abinci kaɗai tafiya ce, ga jiran lifta, ga layi wajen sauka a kowace tasha. Akwai mashaya da gidan caca a ciki, shigar mutane a bakin wurin wanka kuma ba irin wadda za ki so yaranki su yini suna kallo ba ce. Daga Miyami yake tashi, wato sai da bizar Amurka, don haka mu ajiye shi gefe.

Wanda ya fi dacewa da hanyarku shi ne AROYA na Saudiyya, da ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda a watan Disamba na 2024. Shi ma ƙato ne, mita 335, yana ɗaukar mutum sama da 3,000, sai dai babu giya babu caca, abincin halal ne, kuma an ware wurin salla. Abu biyu za ki sa ejan ya amsa miki a rubuce: shin jirgin yana Jidda a watan da za ku je, don ba duk shekara yake Bahar Maliya ba, sannan shin bizarku ta ba ku damar fita Saudiyya ku sake shigowa, idan zai tsaya a tashar wata ƙasa.

Jiragen Kogin Nilu a Masar wani abu ne daban. Tsakanin Lukso da Aswan suke zirga-zirga, kwana uku ko huɗu, kuma ƙanana ne, hawa huɗu ko biyar, saboda dole su wuce ta mashigar madatsar Esna. Babu igiyar ruwa mai jijjiga mutum. Kamar dai tafiya a Kogin Kwara wajen Yawuri, gaɓa tana hannun dama da hagu, kana ganin gonaki da masunta. Wanda ke tsoron jiri da amai, nan ne wurinsa. Matsalarsu ita ce yawon duk na ƙasa ne, a sauka a Edfu da Kom Ombo a bi tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni cikin rana. Kuma idan sun tsaya jeruwa suke yi jiki da jiki, sai ki ɗaga labule ki ga tagar wani jirgin. A can ban ga dalilin ƙara kuɗi don baranda ba.

To, ɗakunan. Na ciki shi ne mafi araha, ba shi da taga ko ɗaya. Gado da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki duk irin na sauran ne, abincin da mai baranda zai ci shi za ki ci. Idan aka kashe fitila duhu ne ƙirin, barci har da munshari. Sai dai a ciki ba ka sanin dare ba ka sanin rana, mu kuwa da rana muke gane lokutan salla. Jirgi yana tafiya lokaci yana sauyawa, alƙibla ma tana juyawa duk sanda ya karkata, waya kuma ba ta cika gane inda take ba a cikin ƙarfe. Kullum sai an hau sama an duba.

Mai taga ya magance wannan, za ki ga fitowar alfijir da faɗuwar rana, amma tagar a like take, ba ta buɗuwa. Ki lura da wanda aka karya wa farashi, galibi kwale-kwalen ceto ne ya tare masa gaba.

Mai baranda shi na fi so miki idan teku za ku bi, kuma ba don burga ba. Mace mai lulluɓi da ba ta son cunkoson saman jirgi tana samun inda za ta sha iska, ta yi lazimi, ta sha shayinta ba idon kowa. Wanda zuciyarsa ke tashi ma, iska da kallon nesa inda ruwa ya haɗu da sama suna rage masa. Ki tabbatar dai teku barandar take kallo, don a wasu manyan jirage akwai masu kallon tsakar jirgin, kina ganin na ƙetare yana ganinki. Da yara kuwa ƙofar ta zauna a kulle, kada a bar kujera kusa da shingen. Ciki da falo ya fi duka sarari, har da wurin shimfiɗa sallaya biyu ba tare da an ture komai ba, amma kuɗinsa zai iya kama muku ɗaki biyu masu kyau.

Abin da ejan ba ya faɗa shi ne mazaunin ɗakin. Goshin jirgi ya fi ko'ina hawa da sauka, bayansa kuma nan ake jin ƙugin inji, hawa na sama ya fi na ƙasa tangal-tangal. Tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa nan ne ya fi natsuwa. Manyan jirage suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangal-tangal na gefe da gefe, amma ba sa hana goshi ɗagawa. Ɗakin ciki a tsakiya ya fi wa Inna alheri a kan mai baranda a can goshi hawa na sha biyar. Ki sa a turo miki taswirar jirgin ki ga abin da ke samanku da ƙasanku. In kicin ne ko zauren kiɗa, a sake wani.

Akwai kuma farashi mai sauƙi da kamfani ke cewa ki biya nau'in ɗaki, shi zai zaɓa miki lamba daga baya. Araha ba ta ado. Za a iya jefa ku a goshi, Inna da yara a can baya.

Da yake ku biyar ne, kuma yawancin ɗakuna ba sa wuce mutum huɗu, biyu za ku kama. Da ni ce, in kama mai baranda ɗaya a tsakiya, Inna da yara su shiga na ciki da ke kallon ƙofarsa, da rana kowa ya hallara a barandar. In yaran ƙanana ne sosai, a nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kuma a nema da wuri don ba su da yawa. Farashin da aka turo miki galibi na mutum ɗaya ne bisa cewa biyu za su kwana a ɗakin, don haka ki tambaya ko tukuicin ma'aikata na kullum da intanet da kuɗin yawo a tashoshi suna ciki kafin ki tura ko sisi.