Sayar da gida a Gombe: da kanka ko ta hannun dillali?

Abin da ke fara tsaya wa mai gida a rai idan zai sayar shi ne la'ada. Gidan naira miliyan 20, idan dillali ya cire kashi 5 cikin 100 da aka saba, miliyan 1 ta tafi ke nan, alhali kai ka san gumin da ka zuba kafin bulo ya hau kan bulo. Don haka ban ga laifin wanda ya ce shi zai nemi mai saye da kansa ba. Amma ya kamata ya san nauyin da zai ɗora wa kansa kafin ya rubuta "na sayarwa ne" a jikin katanga.

Matsala ta farko farashi ce. Mai gida yana lissafin abin da ya kashe: siminti, rodi, kwano, tayil. Mai saye kuwa wuri yake kallo. Gida iri ɗaya a bakin titi a Tumfure da wanda ke can cikin lungu a Bolari ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma a garin nan da zaizayar ƙasa ta addaba, duk gidan da ke kusa da kwari tayinsa ƙasa yake yi komai kyan gininsa. Idan ka tsawwala, gidan zai yi wata da watanni ba a taya ba, har a fara raɗe-raɗin ko yana da wata matsala. Idan ka karyar, sai bayan ciniki ya faɗa ka ji nawa maƙwabcinka ya sayar da nasa. Sannan duk wanda ya zauna da kai gaba da gaba zai karanci halin da kake ciki. Da zarar an gane kuɗin asibiti ko hidimar aurar da 'ya ce ta taso ka, tayi zai sauka, kuma bakinka zai yi nauyin cewa "albarka".

Kunya ta fi wannan cin mutane. Kawuna ya sayar da gidansa a Pantami ga ɗan wani tsohon amininsa. Ina zaune a zaure ranar, yaron ya durƙusa ya ajiye kafin alƙalami, kusan rabin kuɗin, ya ce, "Baba, ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba, bayan girbi zan cika." Kawu ya ɗauko makullai daga aljihun babbar riga ya miƙa masa. Girbi ya zo ya wuce, iyalin yaron sun tare, ragowar kuɗin tana zuwa gutsi-gutsi har shekara biyu, buhun siminti kuma bai tsaya jiran kowa ba. Filin da kawu ya yi niyyar ginawa har yau katanga ce kawai. Yaron ba macuci ba ne, babu dai wani na tsakiya da zai ce makulli sai kuɗi ya cika.

Akwai kuma batun tsaro. Ka sa hoton gida a Facebook ko WhatsApp, baƙin ido za su yi ta sallama, kai za ka zagaya da su ɗaki-ɗaki, iyalinka na ciki. Wani zai ce ka ba shi kwafin takardu ya nuna wa maigidansa, da kwafin nan ake yaudarar wani a karɓi kuɗinsa da sunan gidanka. Asalin takarda kada ta bar hannunka. Ranar biya kuma kada ka dogara da saƙon alat, domin akwai na bogi. Ku je banki tare ka ga kuɗin a asusunka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka mai zuwa da kuɗi a buhu ba gata ya yi maka ba.

Dillalin unguwa yana sauke maka da yawa daga cikin waɗannan. Ya san gidan da aka sayar watan jiya da nawa ya tashi, ya san mai kuɗi a hannu da mai yawon kallo, kuma zai faɗi abin da kai kunya za ta hana ka faɗa. Sai dai shi ma ba a sakar masa jiki. Wani za ka ce masa miliyan 18, ya je ya ce 21, ya soke bambancin sannan ya dawo neman la'ada. Wani zai raba maganar ga 'yan kayi-na-yi, ranar ciniki ka ga mutum shida kowa na cewa shi ya kawo mai saye. Maganin wannan a hannunka yake: dillali ɗaya, wanda mutanen unguwa suka san gidansa, a rubuta farashi da la'adarsa tun farko, ku haɗu da mai saye ido da ido, kuɗi ya shiga asusunka kai tsaye, la'ada kuma sai an gama biya.

Ƙwararrun masu ƙiyasta kadarori da ke da rajista da hukumar ESVARBON sun fi tsada, kuma ƙaramin gida bai cika buƙatarsu ba. Inda suke da rana shi ne babban gida, ko gidan gado da magada ke zargin juna kan farashi, domin suna ba da ƙiyasi a rubuce.

Abin da dillali ba ya iya yi maka, ko da ya fi kowa gaskiya, shi ne takardu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ta gwamnati ba zai miƙa wa wani haƙƙinsa ba sai da amincewar gwamna. A Gombe harkar takardun filaye tana hannun GOGIS, hukumar jiha mai kula da rajistar filaye. Takardar da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfani, ni ma ba na ciniki ba tare da ita ba, amma ba ta canza suna a rajistar gwamnati. Masu sayarwa kan ɗauka wannan damuwar mai saye ce. Matuƙar sunanka na kan fayil, kuɗin ƙasa da sunanka yake taruwa, idan rigima ta tashi kuma kai za a fara nema. Lauya ne zai rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, ya sa ranar cika kuɗi da ranar ba da makulli, da abin da zai faru da kafin alƙalami idan wani ya fasa.

Gidan gado kuwa kada ka taɓa shi kai kaɗai, ko kai ne babban wa. Kowane magaji, har mata da ke gidajen aurensu, sai ya yarda ya sa hannu, rabon marayu kuma a bi ta kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya wanda kuke tarayya da shi a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato idan ka sayar da kasonka ga bare zai iya biyan kuɗin ya karɓe.

Da ni ne, idan ina da mai saye a hannu wanda na san yana da kuɗin, zan bar dillali, in tambayi farashin gida biyu ko uku da aka sayar kusa da ni, in ɗauki lauya. Idan ba ni da kowa, ko ina gaggawa, ko mai sayen wani ne da nake jin nauyinsa kamar yadda kawu ya ji nauyin ɗan amininsa, zan biya la'ada, lauyan ma in biya shi.