Yadda ake rubuta ciwon zuciya a takardar asibitin Amurka

Yaya, bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ka ce ƙafafunta sun sake kumbura, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku. Tun da na ji hankalina yake gida, domin irin wannan ciwon nake karantawa kullum a wurin aiki.

Kun sha tambayata wane irin aikin asibiti ne da ba na ganin mara lafiya. Abin da likita ya rubuta nake karantawa in mayar da shi lamba. Lambar ce ake aika wa kamfanin inshora, ko Medicare, shirin gwamnati na masu shekara 65 zuwa sama, sannan su biya asibiti. Tun 1 ga Oktoba 2015 ake aiki da kundin ICD-10-CM, mai lambobi wajen 70,000.

Mu a gida "ciwon zuciya ne" kawai ake ce mana, mu ce Allah ya sawwaƙe. A nan ba ta isa ba. Idan zuciya ta yi rauni har ba ta iya matsewa ta tura jini, shi ake kira sistolik, kuma da hoton zuciya, wato eko, ake gane shi. Lafiyayyar zuciya takan fitar da kashi 55 zuwa 70 na jinin da ke ɗakinta na hagu a kowane bugu. In ya sauko 40 ko ƙasa, an shiga wannan gida. Wanda ya taso farat ɗaya I50.21 ne. Wanda ya daɗe ana lallaɓa shi da magani I50.22. Tsohon ciwon da ya motsa, irin na wanda aka kawo tsakar dare yana haki huhu cike da ruwa, I50.23. In mutum yana da hawan jini, sai a fara sa I11.0, don ƙa'ida ta ɗauka cewa shi ya jawo, sai fa in likita ya ce ba shi ba ne.

Kwanaki fayil ɗin wani dattijo ya zo gabana. Ciwon huhu ya kwantar da shi, amma eko ya nuna 25, ga allurar Lasix ta jijiya, mai fitar da ruwa daga jiki, ana yi masa safe da yamma. Likita kuwa "gazawar zuciya" kawai ya rubuta, wadda lambarta I50.9, wato ba a faɗi iri ba. Ina kallon 25 ɗin nan da idona, amma ba ni da ikon yanke hukunci. Sai na tura masa tambaya, kuma an hana in sa masa amsa a baki. Bayan kwana biyu ya rubuta cewa tsohon sistolik ne ya motsa. Wannan 'yar jimlar ta ɗaga kuɗin da za a biya asibitin, domin tun 1983 Medicare ba kwanan gado take ƙirgawa ba, dunƙulen kuɗi take bayarwa gwargwadon ciwo da nauyinsa. Wanda kuma ya ƙara wa ciwo gishiri don kuɗi su hau, zamba ya yi, kotu ce tasa.

Kada ka ɗauka nan aljanna ce. Gaskiya ne tun 1986 doka ta hana a kori mai buƙatar gaggawa don ba shi da kuɗi, ba kamar mu da ake tura ka wajen biya ka kawo rasit, ka sayo sirinji da safar hannu, majinyaci yana kan benci. Amma bayan makonni wasiƙar kuɗin asibiti take biyo ka gida. Ko mai Medicare, a 2025 dala 1,676 na farko daga aljihunsa suke fita in an kwantar da shi. Na ga tsofaffin da ke tsoron buɗe akwatin wasiƙa, kuma babu dangin da za su yi karo-karo, babu maƙwabciya da kwanon dubiya. Wannan kam mun fi su.

Abin da nake yi mana kwaɗayinsa shi ne rubutun. Duk likitan da ya buɗe fayil zai san irin ciwon da inda aka kwana. Bayan sallama ma nas takan kira ta tambayi nauyinka, don tun 2012 ana zabge wa asibiti kuɗi in masu ciwon nan suna yawan komawa gado cikin kwana 30. Ka tuna sau biyu katin Inna yana ɓacewa, kowane zuwa sai a faro labari daga tushe.

Don Allah Yaya, ku kai ta a yi mata eko. Ku roƙi likita ya rubuta adadin da ya gani da irin ciwon, ku ɗauki hoton takardar ku turo min ta WhatsApp, ainihin kuma a adana a gida. Ku tafi da kwalayen magungunanta duka. A rage mata gishiri da dunƙule da kanwa, a sayi ma'auni tana hawa kowace safiya, in nauyi ya hau cikin kwana biyu ko uku a koma asibiti. Kuɗin hoton zan aiko ranar Juma'a in Allah ya yarda. Ka gaishe min da ita sosai.